ZAMA A CIKIN JIRGIN RUWA DA HATSARIN TUƘIN GANGANCI

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka kafa da doka ta 13 ta shekarar 1997, mai hedkwata a Lakwaja, ta ƙiyasta tsawon hanyoyin ruwa na Nijeriya ya kai kilomita 10,000, kuma sun ratsa jihohi 28. Ga mutanen da ke zaune a gaɓar Kwara da Binuwai, da bakin tafkunan Kainji da Jabba da Shiroro, da garuruwan da ke kusa da teku, jirgin ruwa shi ne mota, shi ne kuma jaki. Da shi ake zuwa kasuwa da gona da asibiti, da shi ake kai amarya, da shi yara ke tafiya makaranta. Ba za a iya ce wa waɗannan mutane su daina shiga ruwa ba. Abin da za a iya yi shi ne a nuna musu yadda za su shiga su kuma fita lafiya.

An shirya wannan darasi ne domin matuƙa da masu jirage da sarakunan ruwa, da kuma duk wanda yakan biya kuɗin fito ya zauna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Magana biyu za a yi: inda mutum zai zauna a cikin jirgi, da yadda matuƙi zai riƙe inji. Za ka ga ashe maganar ɗaya ce.

ABIN DA KE RIƘE DA JIRGI A BISA RUWA

Jirgi yana tsaye a bisa ruwa ne domin yana ture ruwa mai nauyi daidai da nasa. Duk abin da ka ɗora a ciki, jirgin zai ƙara nutsewa har ya ture wani ruwan mai nauyin abin da ka ɗora. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Watau in mutum mai kilo 60 ya shiga, sai jirgin ya ƙara shiga ruwa gwargwadon lita 60. Babu wayo a nan, babu roƙo, babu "a taimaka a matsa masa". Ruwa ba ya yin ragi.

Tazarar da ta rage tsakanin fuskar ruwa da leɓen jirgi, ita ce jarin rayukan da ke ciki. Da ita jirgi ke karkata ya komo daidai, da ita yake tare igiyar ruwa. Jirgin da aka makare har ba abin da ya rage sai faɗin tafin hannu, yana iya tafiya sumul in ruwa ya kwanta, shi ya sa matuƙinsa zai ce maka kullum haka yake yi. Gaskiya ya faɗa. Amma ranar da iska ta taso, ko wani jirgi ya gifta, ko mutum uku suka miƙe tare, ba shi da sauran abin da zai kare kansa da shi.

A ranar 26 ga watan Mayu 2021, wani jirgin katako ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutane wajen 180, ga kuma babura da buhunan kaya. Jirgin ya tsage ya nutse. Waɗanda aka ceto da rai kimanin mutum 20 ne. Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, wani jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Ƙaramar Hukumar Bagwai ta Jihar Kano, ya hallaka aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da za su bikin Maulidi. A lura da wannan na biyun ƙwarai, domin akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a bakin fito, watau a ce yara ba su da nauyi, a yi ta cusa su ba lissafi. Yaro uku babban mutum ɗaya ne ko fiye, ga shi yara ba su zama wuri ɗaya.

Abu na biyu da ke riƙe da jirgi shi ne nauyinsa ya kasance a ƙasa. Kowace mace ta san tulun da aka cika da ruwa yana zama daram a gurbinsa, amma in aka jera ƙwarya bisa ƙwarya har suka yi tsayi, taɓi kaɗan ya isa ya zubar da su. Haka jirgi yake. In nauyi yana can ƙasa kusa da ƙirjinsa, ko ya karkata zai komo. In nauyi ya hau sama, da ya karkata sai nauyin ya ƙarasa shi. Mutumin da ke zaune a ƙasan jirgi taimakon jirgin yake yi. Shi ɗin nan dai, da ya miƙe tsaye, ya zama abokin gabarsa.

INDA ZA A ZAUNA DA INDA BA A ZAMA

Wanda ya shiga mota yana iya zama inda ya ga dama, mota ba za ta damu ba. A jirgin ruwa kuwa mazaunin fasinja wani ɓangare ne na tuƙi. Saboda haka matuƙi ne ke da ikon cewa wane ya zauna nan, wance ta koma can, kuma ba raini ba ne in ya faɗa wa dattijo ko mai sarauta haka.

A shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai shiga ya sa ƙafarsa a tsakiyar jirgi, kada ya taka leɓe, ya sunkuya ya dafa, kada ya yi tsalle. Kada ya shiga da kaya a ka ko a hannu biyu. Ya miƙa kayan tukuna, ko ya shiga a miƙo masa. Waɗanda suka fara shiga su wuce can ciki su zauna, don kada na baya su riƙa tsallake su.

A raba nauyi daidai hagu da dama. Kafin a kunce igiya, matuƙi ya sa yaronsa ya tsaya a tudu ya dubi jirgin ta gaba: in ya ga ya kwanta gefe ɗaya, a gyara zama kafin a tashi. A wurare da yawa al'ada ce maza su zauna daban mata daban, kuma ba wanda ya ce a bar wannan. Sai dai a yi rabon ta tsawon jirgi, waɗansu a gaba waɗansu a baya, kowane rukuni ya cika hagu da dama. In aka ce maza dama mata hagu, ranar da maza goma suka haɗu da mata talatin an kifar da jirgi tun yana ɗaure.

Gaba da baya su ma suna da nasu ma'auni. In nauyi ya taru a gaba, hancin jirgi zai riƙa tsoma cikin igiyar ruwa yana kamfata, farfela kuma ta ɗago har tuƙi ya ƙi. In ya taru a baya, hanci zai ɗaga ya rufe wa matuƙi hanya, bayan jirgin kuma, inda inji yake, ya yi ƙasa har ruwa ya riƙa leƙowa.

Akwai wurare huɗu da ba a zama ko kaɗan in jirgi yana tafiya. Na farko leɓen jirgi. Wanda ya ɗora gindi a kan leɓe ya kai nauyinsa wurin da ya fi ko'ina karkatar da jirgi, kuma ba abin da ya tare bayansa. Girgiza ɗaya ya tafi da baya. Na biyu hancin jirgi. Samari sun fi son nan, su zauna su saki ƙafafu suna shan iska, yanzu ma har da ɗaukar hoto da waya. Abin da ba su sani ba shi ne wanda ya faɗa ta gaba ba gefe yake tafiya ba. Jirgin ne zai bi ta kansa, farfela kuma tana jiransa a baya, kafin matuƙi ya kai hannu ga inji an gama. Ban da wannan, mai zama a hanci ya tsaya tsakanin idon matuƙi da hanya. Mutum ɗaya kaɗai ke da aiki a gaba, shi ne yaron jirgi mai duba hanya, shi ma daga ciki zai zauna, ba bisa hanci ba. Na uku katakon baya kusa da inji, inda babbar riga ko mayafi kan iya shiga abin da ke juyawa, inda kuma matuƙi ke bukatar fili don karkata hannun inji. Na huɗu saman rumfa da saman kaya. Wanda ya hau can ya kai nauyi inda aka ce kada a kai, kuma shi ne farkon wanda reshen itace ko ƙasan gada zai share.

A nan akwai wata magana ta ladabi da ya kamata a gyara. Sau da yawa in babban mutum ya zo, sai a shimfiɗa masa buzu a bisa buhuna, ko a kawo masa kujera daga tudu, wai don kada ya zauna ƙasa da talakawa. Girmamawar da aka yi niyya ba ta samu ba, hatsari aka ba shi. Mazauni mafi daraja a jirgin ruwa shi ne tsakiya, a ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Nan ya kamata a ajiye dattawa, da marasa lafiya, da masu juna biyu, da yara. Yara kuwa a sa su tsakanin manya, kada a jera su a gefe.

Mai goyo ta sauko da ɗanta daga baya ta riƙe shi a cinya. In ta faɗa ruwa da goyo, duk ƙoƙarin da za ta yi ta ɗaga fuskarta sama, kan yaron take tsomawa ba ta sani ba.

Da an zauna kuma an zauna ke nan har a isa. Wannan ita ce doka mafi wuyar bi, domin abin da ke tayar da mutane ba mugunta ba ce, hali ne na ɗan Adam. Rana ta juyo, sai kowa ya matsa gefen inuwa. Ruwa ya fantsamo, sai na gefen nan su zabura su koma wancan. Wani ya ce ga dorina, sai jirgi duka ya leƙa wuri ɗaya. Hular wani ta faɗa, sai ya miƙa jiki zai kamo ta, na kusa da shi ya miƙa zai riƙe shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kifar da jirgin da aka cika. In jirgi ya karkata, kada ka miƙe, kada ka ruga ɗaya gefen. Ka ƙara yin ƙasa ka riƙe benci. Mutane ashirin da suka ruga gefen da ya ɗaga za su mayar da shi ƙasa da ƙarfin da ya fi na farko.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne bakin gaɓa. Da an hango tudu sai kowa ya tashi yana neman takalmi da ƙunshi, kowa yana son ya riga fita ya kama wuri a kasuwa. A daidai lokacin ne kuwa matuƙi ke juya jirgi, ruwa kuma ke bugun gefensa. Sau da yawa gaɓar kogi tana da zurfi tun daga baki, mutum yana iya nutsewa yana ganin masu sayar da rake a tudu. Kada kowa ya tashi sai an ɗaure igiya, kuma a fita kamar yadda aka shiga, ɗaya bayan ɗaya.

KAYA, DABBOBI DA RUWAN DA KE CIKI

Kaya masu nauyi su fara shiga, a shimfiɗa su a ƙasa a tsakiya, a ɗaure. Buhun hatsi babba ya kai nauyin mutum biyu, babur ma haka, sa kuwa ya kai mutum huɗu ko biyar. Duk abin da aka ɗora na kaya sai a rage shi daga yawan mutane. Jirgin mutum 50 da ya ɗauki babura goma ya zama jirgin mutum 30. Babur a kwantar da shi ko a ɗaure shi tamau, don in ya zame gefe ɗaya ba mai iya tare shi. Shanu kuwa, abin da ya fi shi ne a yi musu sawu dabam, domin kaya ne masu tsorata su yi motsi da kansu.

Jarkokin fetur a rufe su sosai a nisanta su da mutane. Babu shan taba, babu kunna ashana, babu kaskon wuta.

Akwai kuma wani fasinja da ba ya biyan kuɗi, wanda ya fi kowa nauyi, shi ne ruwan da ya taru a ƙasan jirgi. Yi lissafi da kanka. Jirgin da ƙasansa ya kai tsawon mita 15 da faɗin mita 2, in ruwa ya taru a ciki zurfin santimita 10 kacal, watau bai wuce idon sawu ba, ruwan nan kilo 3,000 ne. Nauyin mutum 50 ke nan masu kilo sittin-sittin. Sa'an nan ba ya zama inda aka ajiye shi. Da jirgi ya ɗan karkata sai ruwan duka ya gangara gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Don haka kwarfe ruwa ba aikin da ake jira sai an ga dama ba ne. A bar gurbi a buɗe a tsakiyar jirgi inda za a sa bokiti, kada a rufe shi da kaya. Jirgin da sai an yi ta kwarfewa ba hutawa tun daga tashi har isa, wurin masassaƙi ya kamata ya tafi, ba kasuwa ba.

MENE NE TUƘIN GANGANCI?

Tuƙin ganganci shi ne duk wani tuƙi da zai jefa rai ko dukiyar wani cikin hatsari, ko da ba abin da ya faru. A riƙe wannan da kyau. Ba sai an yi asara laifi ke tabbata ba. Wanda ya ƙetare lafiya da ganganci sa'a ya ci, ba gwaninta ya nuna ba.

Abu na farko da matuƙi zai sa a ransa shi ne jirgi ba shi da birki. In ka kashe inji, jirgi zai ci gaba da tafiya, mai nauyi ya fi nisa, mai bin gangaren ruwa ya fi su duka. Jirgin da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin mita 8 a kowace daƙiƙa. In matuƙi ya hango kututture a tazarar mita 15, bai da ko daƙiƙa biyu cikakku. In kuma aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka gudun da ya dace shi ne wanda za ka iya tsayawa ko kaucewa a cikin tazarar da idonka ke gani. In hazon hunturu ya sauko, ko ruwan sama ya rufe, ko kogi ya yi lanƙwasa, ko an kusa gaɓa, ko an zo inda masunta suka zuba koma, a rage wuta.

Na biyu, jirgin inji ta baya yake juyawa, ba ta gaba ba kamar mota. In ka karkata hannun inji, bayan jirgin ne ke fita waje. Wanda ya matsa kusa da ƙafar gada ko wani jirgi yana tsammanin hanci ya wuce shi ke nan, bayansa zai buga. Juyi mai kaifi cikin gudu kuma yana watsa mutane da kayan da ba a ɗaure ba zuwa gefen waje gaba ɗaya. A rage gudu kafin a juya, a kuma faɗa wa fasinjoji. Haka nan kada a yanke wuta farat ɗaya daga cikakken gudu, domin igiyar da jirgi ke ja a bayansa za ta cim masa ta afko ta baya.

Na uku, igiyar ruwan da jirginka ya tayar taka ce, kai ke da alhakinta. Mai babban inji da ya wuce da gudu kusa da kwale-kwalen mai filafili, ko kusa da mata masu wanki da yara masu wanka, yana iya kashe mutum bai ko waiwaya ya sani ba. In kai ne igiyar wani ta nufo, rage gudu ka tare ta da hanci a ɗan karkace, kada ka bari ta same ka a gefe. A watan Afrilu 2024, wani ƙaramin jirgi mai gudu ɗauke da 'yan fim ya yi karo da kwale-kwalen masunci a Kwara ta wajen Jihar Anambra, mutum biyar suka rasu, har da fitaccen ɗan wasan nan Junior Pope. Da rana abin ya faru, a kogi mai faɗi.

Tsere tsakanin jirage biyu don a riga kai kasuwa, da gittawa ta gaban wani, da bin bayan wani kurkusa, da girgiza jirgi da gangan don a ji mata suna kururuwa, duk ganganci ne. Haka miƙa wa yaro hannun inji matuƙi ya koma hira ko karɓar kuɗi, da duba waya ana tafiya. Giya da ƙwaya da wiwi ba su da wuri a hannun da ke riƙe da rayukan mutane, kuma wanda ya kwana bai runtsa ba, ɗan'uwan mashayi ne a wajen tuƙi.

Ruwa ma yana da ƙa'idar hannu kamar titi, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a shekarar 1972. In jirage biyu na inji suka fuskanci juna, kowanne ya karkata damansa. In hanyoyinsu za su gitta, wanda ya ga ɗayan a damansa shi zai ba da hanya. Mai son wucewa ta baya shi ke da alhakin nisanta kansa. Fitilar gefen hagu ja ce, ta dama kuwa kore. A wuri mai ƙunci, hankali ya nuna mai hawan ruwa ya dakata wa mai gangarowa, tun da shi ya fi iya tsayawa. In injinka yana da igiyar da ke kashe shi in matuƙi ya faɗi, ka ɗaura ta a hannu. Ba don ado aka yi ta ba.

DARE DA ABIN DA KE ƘARƘASHIN RUWA

Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, ruwa ya rufe ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka, har da tsohon garin Bussa. Itatuwa da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashin tafkin har yau. Ruwan kuma yana hawa yana sauka kowace shekara, don haka hanyar da ka bi lafiya a wannan wata, wata uku nan gaba kan kututture na iya kasancewa ɗan yatsa ƙasa da fuskar ruwa. A cikin kogi kuwa tudun yashi yana ƙaura bayan kowace damina, ambaliya tana kawo gungumomi, kainuwa tana naɗe farfela. Da rana gogaggen matuƙi yakan gane waɗannan ta launin ruwa da yadda yake murɗawa. Da dare gogagge da sabon shiga duk makafi ne.

A watan Yuni 2023, jirgin da ya kwaso 'yan biki daga wani ƙauye na Jihar Neja ya kife cikin dare a Ƙaramar Hukumar Patigi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu. A daren 1 ga Oktoba 2024, wani jirgi ɗauke da mutane wajen 300 masu halartar Maulidi, yawancinsu mata da yara, ya nutse kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa. Dubi yadda abin ke maimaita kansa: taro ya watse a makare, kowa yana son ya kwana a gida, jirgi ɗaya ne ya rage, ba wanda ke son a bar shi a baya. Masu shirya biki ko Maulidi ko zuwa ta'aziyya a ƙetaren ruwa, su sa maganar komowa cikin shiri tun farko. Ko a tashi da sauran rana a yi sawu biyu ko uku, ko a tanadi makwanci a kwana. Hukuma ta hana ɗaukar fasinja da dare, kuma ba don a takura wa kowa ba ne. Cikin duhu ko masu ceto ba su san inda za su nufa ba.

DOKA DA HAKKIN FASINJA

A shekarar 2023 aka kafa Ma'aikatar Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku ta Tarayya, daga baya kuma aka fitar da sababbin ƙa'idojin sufuri a hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, waɗanda suka tanadi hukunci a kan lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tuƙin ganganci, da ɗaukar fasinja ba rigar kariya. Ana bukatar jirgin haya ya yi rajista, matuƙinsa ya sami takardar shaida, a kuma rubuta sunayen waɗanda suka shiga kafin a tashi. Amfanin wannan rubutu a bayyane yake: a haɗurra da dama an yi kwanaki ana nema ba a san ko mutum nawa ake nema ba.

Amma jami'in hukuma ba zai kasance a kowace mashiga ba. Sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage su ne a wurin kullum. Su sa a rubuta a jikin kowane jirgi yawan mutanen da zai ɗauka, a ja layi da fenti a gefensa wanda in ruwa ya taɓa shi lodi ya ƙare. Mai tara fasinja da ake biya bisa yawan kawunan da ya kawo, kada a bar masa hukuncin cewa jirgi ya cika, don a wurinsa jirgi ba ya cika.

Kai kuma fasinja, kana da ikon ka ce a rage gudu, kana da ikon ka sauka tun ba a kunce igiya ba. Mutane da yawa sun ga alamar hatsari da idonsu, kunya ta hana su magana, kada a ce matsorata ne ko ba su yarda da ƙaddara ba. Yarda da ƙaddara ba ta hana mutum ɗaure akuyarsa da dare. In mutum biyar suka tashi suka ce ba za su bi jirgin da aka makare ba, mai jirgi zai sake tunani.

Rigar kariya kuwa a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin gindi ba, ba kuma a rataye a rumfa ba. A sa ta tun a tudu, a ɗaure igiyoyinta duka. A gwada: in aka ja ta sama ta kafaɗa ta wuce kunne, ta yi yawa, cikin ruwa za ta sulluɓe. Yaro a nema masa tasa, ta babba ba ta yi masa. Kada iya iyo ya ruɗe ka, domin wanda katako ya buge ya suma ba ya iyo, haka wanda mutum uku suka riƙe.

In har jirgi ya kife, ka fita daga ƙarƙashin rumfa tukuna, ka saki duk kayan da ke hannunka, ka yar da babbar riga ko zanen da ya naɗe maka ƙafa. In jirgin bai nutse ba, ka riƙe shi. Jirgin katako yakan daɗe yana yawo, masu ceto kuma sun fi saurin hango shi a kan kan mutum guda. Jarkar da ba komai a ciki, in murfinta a rufe yake, tana iya riƙe babban mutum. In dole ne ka nufi tudu, kada ka yi kokawa da ƙarfin ruwa, ka bi shi a karkace har ya kai ka gaɓa ko da can ƙasa ne. Wanda ke tudu ko cikin wani jirgi kuwa, ya miƙa gora ko ya jefa igiya ko jarka. In da jirgin inji ya zo ceto, ya kashe inji kafin ya matso kusa da waɗanda ke cikin ruwa, ya kuma jawo su ɗaya-ɗaya, kada su taru su kama gefe guda.